Fijon Babanmu da Hannuna na Dama

Ni tela ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina taka keke, har Allah Ya ba ni shago na kaina da yara huɗu masu koyon aiki. A goman ƙarshe na azumin 2019 hannuna na dama ya mutu, kuma abin da Allah Ya sa ya zama sanadin farfaɗowarsa wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne masu tsatsa a cikin tsohuwar motar mahaifina. Na ga ya dace in rubuta, ko wani da yake kwance yanzu yana kallon rufin ɗaki zai samu abin kamawa.

A Kaduna aka haife ni, a nan na tashi. Babanmu direba ne, yana lodi daga tashar Kawo zuwa Kano, wani lokaci har Katsina. A 1980, ina ɗan shekara bakwai, ya sayi Fijo 504, doguwar nan mai layin kujeru uku, bayan ya daɗe yana jan motar wani. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne 'yar gida ce. A Kakuri aka haɗa ta, a kamfanin Fijo da ya fara aiki a 1975, kuma in muka bi ta wajen sai ya nuna min da baki ya ce ga gidan su motarmu nan. Samfurin asalinsa na Faransa ne, tun 1968 ya fito, amma bayan Turawa sun daina yayinsa a farkon shekarun 1980, a Kaduna an ci gaba da haɗa shi fiye da shekara ashirin. Duk wanda ya yi tafiya a Arewa a wancan zamanin ya san ƙarar rufe ƙofar 504.

Ranar Juma'a Baba ba ya lodi. Da safe yake wanke mota, shi yana waje da bokiti, ni ina ciki da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Aikina shi ne hannayen ƙofa, da abin murɗa gilashi, da ƙarfen madubi, da maɓallin akwatin gaba, da ɗan zakin da ke tsakiyar sitiyari. In na yi ha'inci sai ya gane. Ya kan ce, “Fasinja ba ya ganin inji. Abin da hannunsa ya taɓa, da shi yake auna direba.” Ladan aikina shi ne in zauna a gidan gaba in za mu masallaci, in sauke gilashi da kaina.

Baba ya rasu a 2008, Allah Ya jiƙansa. Motar dama ta kwana biyu a ajiye a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tun da ƙafafunsa suka fara kumburi. Da aka zo rabon gado 'yan gwangwan suka yi ta zarya, kowa da nasa tayin, kuma ƙannena sun so a sayar. Innarmu ta ce a yi mata kuɗi a sa a cikin tumuninta. Ba wanda ya sake magana. Haka motar ta zauna, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta gida, ni kuma ina can ina neman kuɗi, ko leƙa ta ba na yi.

Tun 2016 aka ce min ina da hawan jini. Aka rubuta min magani, aka ce kullum zan riƙa sha. Ni kuwa sai in sha in kaina ya yi ciwo, in ya lafa in ajiye. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban da wanda zan ɗora wa. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai ji shi garau alhali jijiyoyinsa na cikin wahala. Azumi kuma kowa ya san lokacin da tela ba ya barci ne. Na karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfina, ina kwana a shago, ina buɗa baki da abin da ya samu. Wani dare bayan an idar da asham ina yanka wata shadda, almakashi ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya zan ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Na buɗe baki zan kira yarona, maganar ta fito a karkace.

Kuskure na biyu ba nawa ba ne ni kaɗai. Waɗanda suka taru a kaina, cikin ƙauna, suka ce iska ce ta buge ni. Aka kai ni gida, aka yi hayaƙi, aka yi tofi har gari ya waye. Ni mutum ne mai riƙo da addu'a, kuma har gobe ina kai, amma addu'a ba ta hana a sa mutum a mota a nufi asibiti. Da muka je washegari da hantsi, likita ya ce wata jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye, kuma a irin wannan ciwo kowace sa'a tana da tsada. Duk wanda ya ga bakin ɗan'uwansa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, don Allah kar a jira asuba.

Na yi sati biyu a kwance. Ƙafa ta dawo da wuri, ina ja ina tafiya, magana ma ta daidaita bayan 'yan watanni. Hannu ne ya ƙi. Kayan Sallar mutane suka kwana a shago ba a ɗinka ba, na mayar da kuɗin wasu, na biya yadin da aka riga aka yanka. Yara suka watse ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba. Kafin ƙarshen shekara na sayar da kekuna uku da injin surfani, na saki shago, muka tattara ni da maiɗakina da 'ya'ya muka koma gidan gado.

Abin da ya fi ci min rai ba talaucin ba ne. Cin abinci da hagu ne. Da kuma in mutum ya miƙo min hannu a ƙofar masallaci, in tsaya ina ɗago na daman da na hagu kamar wani kaya. Sai na fara jinkirin fita har a watse. A sashen gashi na asibiti sun ba ni aikin gida: in riƙa tsintar wake daga faranti ina zubawa a kofi, in riƙa matsa ƙwallon roba. Mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, yau an ce ya tsinci wake, kuma waken ma yana gagararsa. Na yi sati uku na watsar. Maiɗakina ta yi lallashi, ta yi kuka, na ce ta ƙyale ni. Akwai dararen da na kwanta ina tunanin da ciwon ya tafi da ni gaba ɗaya da iyalina sun fi hutawa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan tunani, amma na yi shi, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Sai ga kullen korona a 2020, daidai lokacin zafi. Gida ya cika da mutane ba mai fita, ni kuma ba na son ido. Wata rana da azahar na zagaya baya, na ja ƙofar motar Baba. Ta direba ta ƙi buɗuwa, ta gidan gaba ta buɗe da ƙara. Na shiga na zauna a kan ƙura da kashin ɓera, a kujerar da nake zama ina yaro. Zafi ya dame ni, na so in sauke gilashi. Wanda ya zauna a gidan gaba, ƙofa tana damansa ne. Ban yi shawara ba, sai na ga na ɗora mataccen hannun a kan abin murɗawar. Bai motsa ba. Ban san ko hannuna ne ya kasa ko ƙarfen ne ya cije ba, sai na gwada da hagu, nan ma ko gezau. Na zauna ina kallonsa, na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Inna ce ta same ni a haka. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta tsaya jikin ƙofa ta daɗe, sannan ta ce, “Kai, in zama za ka riƙa yi a ciki, to ka share ta. Mai ita bai taɓa barinta haka ba.” Na ce, “To, Inna.” Ta juya ta tafi.

Washegari na zo da tsintsiya, da gwangwanin kalanzir, da sukurudireba ɗaya da na samu a akwatin Baba. 'Yata ta biyu, lokacin tana da shekara goma sha ɗaya, ita ta zama hannuna. Sukurun farko da na sa wa ido na jikin abin tare rana ne. Kwana huɗu na yi a kansa. In ɗiga masa kalanzir da ɗan baƙin mai, in ƙwanƙwasa kan sukurudireba a hankali don man ya ratsa, in bar shi ya kwana. Na koyi cewa tsohon sukuru ba a yi masa ƙarfi. In ka matsa, ko kansa ya cinye ko ya karye a ciki, ka shiga uku. Ana ɗan ƙara ɗaure shi ne kaɗan tukuna, sannan a kwance. Dabarar da na yi wa hannuna ita ce in damƙa masa sukurudireba, in rufe yatsun da hannun hagu, su juya tare. Ranar ta huɗu ya yi ɗan ƙara ya saki. Yarinyar ta yi tsalle tana cewa, “Abba, ya fito! Abba, ya fito!” Wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ja wur da tsatsa. Na riƙe shi a tafin hannu na daɗe.

Daga nan na samu abin tashi da safe. Duk abin da na cire sai in sa shi a gwangwanin madara daban, yarinyar ta rubuta daga inda ya fito, don na gane in ka haɗa su wuri ɗaya ba za ka ƙara sanin mazaunin kowanne ba. Binega nake jiƙa masu tsatsa a ciki su kwana, in babu in jiƙa tsamiya mai kauri, irin yadda mata ke wanke tsohon kwano. Da safe in goge da buroshi, tsatsar ta fita kamar laka. Karon farko na shanya su a rana na tafi, kafin la'asar sun sake yin ja. Ashe in ƙarfe ya fito daga ruwan tsami a tsirara yake, iska kaɗai ta ishe shi. Sai na koma ɗauraye su da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in tsane su nan take, in shafa mai tun suna da ɗumin rana.

Da na ciro wurin zuba tokar sigari sai na ji abu na kaɗawa a ciki. Baba ba ya shan taba, canji yake ajiyewa a wurin. Na samu sulalla uku masu hoton bishiyar kwakwar manja, da kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa, da ɓarin goro da ya bushe ya zama dutse, da 'ya'yan carbi guda biyu. Na kai wa Inna. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ba ta ce komai ba.

Akwai ɓarnar da na yi wadda har yau take min ciwo. Da na ga binega na aiki, sai na kwance hannun ƙofar direba na ciki, wanda tafin Baba ya shekara ashirin da wani abu yana kamawa, na jefa shi a ciki. Na bar shi kwana biyu don ya fi fita. Da na tsamo shi ya yi toka-toka, fatar ƙyallin ta ɗaɗɗago, ƙananan ramukan da ke jikinsa sun buɗe sun zama manya. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na rufe shago. Na ce ni dai duk abin da na taɓa lalacewa yake. Sati guda ban koma wajen motar ba.

Da aka sassauta kulle, ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa kasuwar Panteka, ko za mu samu irinsa. A can muka faɗa hannun wani dattijo mai sayar da kayan tsofaffin motoci, wanda ya ce ya yi shekaru yana gyaran Fijo. Ya juya abin a hannunsa, ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya kanga, bai kama ba. Ya ce, “Ɗana, wannan ba baƙin ƙarfe ba ne. Tutiya ce aka narka aka zuba, aka yi mata rufin ƙyalli a sama. Tsami cin ta yake.” Ya bayyana min cewa ramukan nan daga ƙasa suke tasowa, a ƙarƙashin rufin, don haka goga ba ta fitar da su, kuma walda ba ta yi mata, don da ta ji wuta sosai sai ta narke. Irin wannan ruwan sabulu kawai take so da man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Wanda maganaɗisu ya kama ne ake jiƙawa. Mai sauƙin nauyi da bai kama ba, galibi alminiyon ne, shi kuma sanfefa mai laushi ake bi da shi da ruwa, daga lamba 800 a hau zuwa 1200 har 2000, kafin a sa man gogewa. Ya kuma nuna min yadda ake dunƙule takardar alminiyon ta naɗe abinci, a jiƙa ta, a murza ɗigon tsatsa a kan ƙarfe mai ƙyalli ba tare da an karce shi ba.

Ya lura da hannuna tun da muka zo, amma bai tambaya ba. Da za mu tafi ya ba ni maganaɗisun kyauta. Hannun ƙofa kuma yana da irinsa har uku, na ɗauka na duba, na ajiye. Na ce masa zan mayar da na Baban a yadda yake. Ya ce, “Ka kyauta.”

Aikin da ya fi jan lokaci shi ne layin da kujerun gaba ke zamewa a kai. Tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ya zama kamar kwalta. Da tsinke da kalanzir na riƙa sakace shi, kwana da kwanaki, a waje inda iska ke kaɗawa kuma nesa da murhu. Wannan sakacen, da murza sanfefa, da tsintar ƙananan washa daga cikin faranti, su ne dai tsintar waken da na raina. Bambancin shi ne a nan in na tsinci abu akwai inda zai koma. Wata shida ina yi ban lura ba, sai wata safiya maiɗakina ta tsaya da kofin koko a hannu ta ce, “Malam, da wane hannu ka ɗauki notin nan?” Na duba. Yana tsakanin babban yatsana da manuni, na dama.

Na koma asibiti da kunya. Ma'aikaciyar gashin ba ta yi min faɗa ba. Ta sa na kwatanta mata abin da nake yi, ta ce maimaici ne ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta buɗe wa hannu wata hanyar, kuma in haɗa da atisayen kafaɗa da na watsar, don kafaɗar ta fara ƙagewa. Da ban gudu ba tun farko, da wataƙila ban kai haka ba. Tun daga ranar ban sake tsallake ranar ganin likita ba, magani kuma kullum bayan sallar asuba, ko kaina na ciwo ko ba ya yi.

Gilashin gidan gaba shi na bari ƙarshe, don ina jin tsoronsa. Muka cire allon ƙofar a hankali, ni da ƙanena, muka ciro injin da ke ɗaga gilashin. Haƙoransa ba su cinye ba, datti ne da tsatsa suka riƙe shi. Na wanke, na sa sabon giris, na share hanyar da gilashin ke bi, muka mayar. Ranar wata Juma'a ce a damunar 2021. Na shiga na zauna, na rufe ƙofa, na ɗora hannun dama shi kaɗai, na ɓoye na hagun a ƙarƙashin cinya don kar ya kai taimako. Zagayen farko kafaɗata ta yi zafi. Na biyu ya fi sauƙi. Gilashin ya sauka har ƙasa, ƙanshin ƙasar da ruwa ya jiƙa ya shigo. Na yi hamdala a bayyane. Da na waiga, Inna na tsaye a bakin zaure da buta a hannu, ta ɗauke kai da sauri kamar ba ni take kallo ba.

Yau hannuna bai koma yadda yake ba. Ina cin abinci da shi, ina gaisawa da shi, ina rubutu a hankali, amma allura har yanzu tana gagarata, kuma in sanyi ya sauko yatsu biyu na ƙarshe sukan ƙage. Ban koma ɗinki ba. Abin da ya faru shi ne wani maƙwabci ya ga cikin motar, ya kawo min ƙarafan tsohuwar Marsandinsa, shi kuma ya gaya wa wani mai Basfa. Teloli abokan sana'ata suka fara kawo min tsofaffin kekunan ɗinki da suka cije, waɗanda na fi kowa sanin cikinsu. Na sa ɗan tebur a ƙarƙashin darbejiyar. Abin da ake samu ba yawa, amma da shi nake sayen magani da biyan kuɗin makarantar yara, kuma na daina ɓuya a ɗaki.

Motar har yanzu ba ta tashi ba. Bakanike ya duba injin ya faɗi abin da zai ci, ina tarawa kaɗan-kaɗan. Hannun ƙofar direba na nan a mazauninsa da ramukansa, ina shafa masa mai duk Juma'a. Kowace safiya kafin in fara aiki ina shiga gidan gaba in sauke gilashi in ɗaga sau goma da hannun dama. A cikin ƙarafan ciki saura maratayan kujerar baya guda biyu, suna cikin kalanzir tun shekaranjiya, gobe in Allah Ya kai mu zan gwada ko sun saki.